Motar da ke Tsayawa a Ƙofar Tela

Maganar da ta shigo gidan ita ce, duk ranar da Mai Ƙofa Biyu ya zo wajen Auta, in ya tashi ba gida yake nufa ba. Wai saman tudu yake hawa, ya ajiye motarsa a ƙofar shagon wata tela, ya shige ciki, ba ya fitowa sai rana ta yi sanyi.

Yaya Dillali ne ya kawo maganar, ɗan wan Umma, mai sayar da motoci na hannu. A falo ya faɗe ta, murya ƙasa-ƙasa, irin ƙasan da ake so a ji har kicin.

"Ni ba gulma na zo yi ba, Baba. Amma motar nan ba ta ɓuya. Shuɗiya ce, guda ce tak a garin nan, ga ƙara. Kowa na ganinta a wajen."

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Umma.

Haka ne kam. Sai dai ba kullum abin da aka zata ne ya tsamar da shi ba. Kuma kowa a gidan ya san Yaya Dillali ya daɗe yana son a ba shi Auta, shi ya sa bai taɓa zuwa hannu rabbana ba.

Baba ya ɗaga murya.

"Auta, na san kina ji. In maganar nan ta tabbata, zancenki da yaron nan ya mutu. Ba zan sake tayar da shi ba."

Auta na tsaye a bakin famfo, kofi a hannunta, ruwa na zuba a banza. Ba ta yi kuka ba. Aikinta gwada idon mutane ne a shagon tabarau, kuma ta sha ganin wanda zai rantse ya ga harafi alhali lamba ce a allon. Ta rufe famfon, ta ce a ranta sai ta gani da nata idon.

Asalin haɗuwarta da Mai Ƙofa Biyu ma motar ce sila. Akwai tudun rage gudu a titin da ke gaban shagonsu, wanda kowace mota ke hayewa ba tare da an lura ba. Wata ranar tana goge gilasai sai ta ji wani gurnani kamar na zaki mai mura. Ta leƙa. Wata shuɗiyar mota ce, gajera kamar an danne ta da tafin hannu, ta zo gaban tudun ta tsaya cak. Ta karkace, ta ɗora taya ɗaya, ta ɗora ta biyu a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Duk da haka sai da cikinta ya goga ƙasa, ƙuuu.

Auta ta tuntsire da dariya. Ba ta gama ba mai motar ya turo ƙofar shagon, dogo, riga a goge, yana ƙifta ido.

"Malama, tabarau nake so. Zanen gine-gine nake yi, ƙananan layuka sun fara haɗe mini."

"Zauna a nan. Amma tudun can ai ka gan shi sarai."

"Kin gani ashe?"

"Duk layin nan sun gani. Waɗanda ba su gani ba sun ji."

Ya yi murmushi, kunya ta kama shi har kunne. Ta ɗora masa ƙarfen gwaji a hanci, tana sauya gilashi tana tambaya, wannan ko wancan. Da ta sa wanda ya dace, bai kalli allon ba. Ita ya kalla.

"Wannan," ya ce.

Tabarau ɗaya ya saya, amma ya yi ta dawowa. Yau ƙusa ta saki, gobe yana matse masa kunne, jibi ya zo tambayar da me ake goge shi. Ranar da dabarunsa suka ƙare ya tsaya a gaban kanta yana sosa ƙeya, sai ita ta taimake shi.

"Bawan Allah, tabaran nan lafiyarsa ƙalau. In da wata magana, gidanmu yana gangare, bayan gada."

Tun daga nan ya zama Direbana a wayarta, ita kuma Hasken Idona a tasa.

Baba tsohon likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, kuma har yau komai da idon aikinsa yake duba shi. Ranar da saurayin ya fara zuwa gaishe shi, bai ce komai a kan aikinsa ko danginsa ba, don ya riga ya bincika ya samu babu aibu. Fita ya yi ya zagaya motar, hannu a baya, kamar mai tayin saniya a kasuwa.

"Ƙofa biyu," ya ce. "To ina za ka sa surukarka?"

"Akwai kujera a baya, Baba. Ana kwantar da ta gaba sai a shiga."

"Wato ta durƙusa ta shiga kamar kaza a akurki. Sabuwa ka saya?"

"Ta hannu ce, Baba. Na same ta da sauƙi ƙwarai."

"Uhum. Yaro, dabbar da ke sheƙi aka sayar da ita da araha, akwai abin da mai ita ya sani. Wannan mota gida take ci. Za ta ci albashinka, ta ci cefanen 'yata, ta dawo tana neman ƙari."

"Baba, tun da na saye ta ko ƙusa ban canja ba."

A ranar gaskiya ya faɗa. Baba dai bai ce a'a ba, bai ce e ba. Ya bar shi yana zuwa da rana, aka laƙaba masa Mai Ƙofa Biyu, har 'yan uwa na nesa ba su san shi da wani suna ba.

Yanzu ga wannan magana ta tela. Auta ta shiga ɗaki ta buɗe wayarta, ta bi tsofaffin saƙonninsa. Abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. A da, in ya bar gidansu, kafin ta kwashe kofunan shayi saƙonsa ya shigo. A 'yan kwanakin nan kuwa sai an daɗe.

"Hasken idona, na iso lafiya. Hanya ce ta cushe. Na bar zuciyata a kan kujerar tsakar gidanku, ki adana mini ita."

Na wata ranar kuma:

"Yi haƙuri da jinkiri, Autar Baba. Na ɗan tsaya a hanya ne. Ko ina na tsaya ke nake tunani."

Ta karanta "na ɗan tsaya a hanya" har ya fara yi mata kama da baƙon yare. Ƙawayenta da sun ce ta kira shi ta zazzage masa, Umma da ta ce ta yi shiru ta bar wa Allah. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta rubuta:

"Direbana, gobe ka zo bayan la'asar. Kada ka makara."

Amsa ta zo nan take:

"Ko a ƙafa ne zan zo, ranki ya daɗe."

Washegari, tun kafin lokacin ya yi, ta ɗauki wani yadi da ta daɗe da ajiyewa, ta ce wa Umma za ta kai ɗinki. Ta tari tasi ta hau tudun.

Hanyar daga gidansu guda ce. Za ka bi ta kasuwa inda motoci ke rarrafe, ka haye gada, sannan ka kama hawa mai tsawo wanda babu wurin rakuɓewa sai ka kai ƙarshe. A can saman, inda ƙasa ta daidaita, akwai wata babbar bishiya, shagon telar kuma yana ƙarƙashinta.

Auta ta so a ce tsohuwa ce mai furfura. Ina! Yarinya ce sa'arta, kyakkyawa, tef a wuya, allurai a leɓe. A lungun shagon, kusa da fanka, ga wata kujerar roba an ware ta daban, kamar ta wani mai zuwa kullum.

"Sannu da zuwa, 'yar uwa. Riga ko doguwa?"

"Doguwa."

Telar ta shiga auna ta, tana hira, ita kuwa Auta kunnenta yana titi. Ta san yanzu Direbanta ya isa gidansu, Umma ta ce masa ba ta nan, ya juyo. Tana cikin zaɓen irin wuyan da za a yi wa rigar ta jiyo gurnanin daga ƙasa. Ko cikin motoci dubu ta san shi.

Telar ta yi tsaki, ta zare allura daga bakinta.

"Ga Buta nan ta taho."

"Wace buta?"

"Tsaya ki ga ikon Allah."

Ta jawo wata jarkar ruwa daga ƙarƙashin tebur ta ajiye a bayan ƙofa. Auta ta ɗaga gefen labule. Shuɗiyar motar ta ɓullo a kan hawan, amma ba da zafin da ta san ta da shi ba. Jan ciki take, fankar injinta na kuka kamar jirgi zai tashi, wani ɗan keke ma ya wuce ta. Da ƙyar ta kawo inuwar bishiyar ta mutu. Siririn tururi na fita ta gefen bonet.

Direbanta ya fito. Bai ko kalli bonet ɗin ba. Ya gyara tabarau, ya kara waya a kunne kamar mai muhimmiyar magana, ya tako cikin ƙasaita irin ta wanda ya tsaya don ganin dama. Ya yi sallama, ya ɗaga labule, ya nufi kujerar robar.

Sai ya gan ta.

Wayar ta zame daga kunnensa. Babu kowa a layin, hoton Auta ne kawai a fuskar wayar.

"Hasken... me kike yi a nan?"

"Ɗinki na kawo. Kai fa? Riga ko doguwa?"

Telar ta kalli wannan, ta kalli wancan, sai ta tafa hannu.

"Dama ke ce? Alhamdulillahi! 'Yar uwa, don girman Allah ki kwashe kayanki. Mutumin nan ruwa ya roƙa ranar farko, na ba shi don lada. Tun daga nan na zama tashar mota. Na ce masa ya zauna a waje kusa da abarsa, ya ce mutane za su taru su ce ta lalace. Yanzu wanda zan aura ya daina ɗaga wayata. Wai an ce masa ina da mai shuɗiyar mota!"

"An ce me?" Fuskarsa ta sauya. Ya juya ga Auta. "Me aka ce?"

Ashe shi kaɗai ne a garin bai ji ba.

Suka fita suka zauna a bencin da ke gindin bishiyar, motar na gabansu tana ƙas-ƙas tana hucewa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Auta. Da sanyin ya gama ratsa ta, sai haushi ya biyo baya.

"Faɗa mini duka. Kada ka rage."

Ya sunkuyar da kai.

"Famfon ruwa ne. Shi ke zagaya da ruwa cikin injin. Nata na lantarki ne, ya fara mutuwa. Da safe a miƙaƙƙiyar hanya ba ta nuna komai. Amma in na rarrafa cikin kasuwa sannan na kama hawan nan, sai ta yi zafi, ta rage wa kanta ƙarfi. Nan ne wuri na farko da zan iya tsayawa. Kuma ba a buɗe murfin lagireto da zafi, sai an jira."

"Tun yaushe?"

"Sati guda bayan na ce wa Baba ko ƙusa ban canja ba."

Ta rufe baki don kada dariya ta ɓata mata fushi.

"Shi ke nan?"

"Baƙin mai yana ɗiga ta saman injin, gasket ɗin da ke toshe murfinsa ya bushe. Shokazoba na baya sun gaji. Tayoyinta ba irin na kowa ba ne, guda ɗaya kuɗin biyu ne na motar mutane. Bakanike ya ce giyar ma tana son sabon mai, nata na musamman."

"Famfon nawa ne?"

"Sabo, da kuɗin aiki, ya kusa albashina na wata. Akwai na hannu a rabin haka, amma bakanike ya ce kamar auren tsoho ne, ba a san ranar takaba ba. Ya ce motar ce ta tsufa ta yi araha, kayan gyaranta ba su ji labari ba." Ya numfasa. "Abin da na tara na hidimar bikinmu ne, Auta. Na ce in lallaɓa ta har a ɗaura, kada in taɓa shi."

"In injin ya ƙone a hawan nan fa?"

"Wannan kuma sai dai a sayar da ni."

Ta dube shi. Tun yana yaro yake mafarkin irin wannan mota, ya gaya mata tun a farkon haɗuwarsu, idonsa na ƙyalli a bayan tabaran da ta yanka masa. Ta sassauta murya.

"Direbana, Baba ya ce in maganar telar nan ta tabbata, mun rabu. Hanya ɗaya ce. Ka gaya masa gaskiyar motar."

"Zai ce dama ya faɗa."

"Ai ya faɗa ɗin."

"Zai ce ni maƙaryaci ne, mai ruɓaɓɓiyar mota."

"To gara ya ce kai manemin mata ne?"

Shirun da ya yi ya ɗan zarce yadda ya kamata. Auta ta miƙe ta saɓa jaka.

"Lallai. Zauna da Butarka."

"Tsaya mana, Hasken idona! Tunanin yadda zan fara nake."

"Ba sai ka fara ba. Baba ba ya yarda da labari, sai ya taɓa da hannunsa. Gobe ka zo ka ɗauke shi."

Kafin ta kai gida saƙo ya shigo:

"Na fi son in zama abin dariya a gaban Baba da in zama baƙo a wajenki. Gobe ina tafe, ni da kunyata."

Ta amsa:

"Ku taho lafiya, ku biyun. Kada ka ƙara mata ruwa fiye da kullum."

Shigar da Baba cikin motar kaɗai aiki ne. Auta ce ta fara durƙusawa ta shige baya, gwiwoyinta a haɓa. Baba ya tattare babbar rigarsa, ya sauka cikin kujerar kamar mai faɗawa rijiya, hularsa ta bugi rufi ta karkace. Umma na bakin ƙofa tana salati.

"Ina za mu?" in ji Baba.

"Inda aka ce ina zuwa, Baba."

Baba ya kalle shi ta gefen ido.

Suka kutsa kasuwa. Masu kaya na gilmawa, masu baro na ihu, motar da aka ƙera don gudu tana bin bayan mai turin ruwa. Suka haye gada. Da suka kama hawan, Auta ta fara addu'a a ranta. Yau ce rana ta farko da take roƙon Allah mota ta lalace. Idan fa abar nan ta ga baƙo ta yi halin kirki?

Har tsakiyar hawan lafiya lau take tafiya. Direban ya haɗa gumi. Baba ya gyara zama.

"Ai ga ta nan tana tafiya kamar ruwa."

Bai rufe baki ba wata fitila ta kama a gaban sitiyari, wani abu ya yi ƙara, fanka ta ɓarke da kuka. Motar ta saki jiki, ta koma jan ciki.

"Alhamdulillahi," in ji Auta daga baya, ba ta san ta faɗa a fili ba.

Suka lallaɓa har inuwar bishiyar. Injin ya mutu daidai ƙofar shagon, kamar an auna da tef. Wannan karon Mai Ƙofa Biyu bai ɗauki waya ba. Ya fita, ya ɗaga bonet a gaban duk mai wucewa, tururi ya turnuƙe shi.

Da taimakon mutum biyu aka zaro Baba. Ya zo ya tsaya a kan injin, ya miƙa bayan hannunsa kusa da shi kamar mai jin zazzaɓin maraƙi. Ya leƙa inda mai ke ɗiga. Ya duba hawan da suka baro, ya duba bishiyar, ya duba telar da ta fito da jarka a hannu tana gaishe shi.

"Kullum nan take faɗuwa?"

"Kullum na taso daga gidanku, Baba. Kunyar a gan ni a tsaye ce ta sa nake shiga ciki. Abin da ka faɗa ranar farko, duk haka ne. Ban so ka sani ba."

"Maimaita."

"Duk abin da ka faɗa haka ne, Baba."

Baba ya fara dariya a hankali, har ta kai ya dafa bishiya yana share hawaye. Ana cewa gaskiya ce ke buɗe zuciyar dattijo. Tana buɗewa, amma ta fi saurin buɗewa in ta zo da shaidar cewa shi ne ya fara faɗarta.

"Wa ya sayar maka da wannan majinyaciya?"

Mai Ƙofa Biyu ya kalli Auta.

"Yaya Dillali ne, Baba. Tun kafin in san ku."

Dariyar ta tsaya. Baba ya gyara hularsa.

"To. Ashe mai kawo labarin ya san abin da ke tsayar da ita." Bai ƙara ko kalma a kan wannan ba. Ya juya ga telar. "'Yata, an ce an ɓata miki suna a kan ruwan da kika bayar. Ba ni lambar yaron naki. Ni zan kira shi da kaina."

Telar ta kusa yar da jarkar don murna.

Da motar ta huce aka ƙara mata ruwa, Baba ya ce a wuce gareji kai tsaye. A can ya zauna a kan tsohuwar taya ya sa bakanike ya lissafo ciwon ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wanne ke kisa, wanne ake rayuwa da shi. Famfo da gasket, in ji bakanike, ba sa jira. Shokazoba da man giya za su iya kaiwa bayan biki, in za a bi ta da lalama.

"A sa sabon famfo," in ji Baba. "A rage hidima. Ba taro nake aurar wa ba."

"Baba, ko in sayar da ita kawai?"

"Ka sayar wa wa? Ka ɓoye ciwonta ka miƙa wa ɗan wani, kamar yadda aka yi maka? Gyara ta tukuna. In ka tashi sayarwa, ka faɗi abin da ke cikinta."

"Ni dai a bar ta," in ji Auta, tana kallon ƙasa. "Har ranar da kujerar baya za ta yi mana kaɗan."

Bakanike ya yi tari ya juya baya. Baba ya yi kamar bai ji ba, amma gemunsa na rawa.

"Yaro, ka ce wa manyanka ina jiran su."

Biki ya zo ba tare da almubazzaranci ba, kuma babu wanda ya tashi da yunwa. Yaya Dillali ya aiko cewa tafiya ta kama shi. Da aka ɗaura, Baba ya kira su biyun ɗakinsa, ya dafa kan Auta.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Abin da ya lalace a gidanku, ku buɗe shi tun yana ƙarami, ku duba tare."

"Amin, Baba," suka ce.

Umma ta rungume 'yarta ta yi ta sa albarka har mayafinta ya jiƙe. A tsakar gida, cikin hayaniyar mata, wayar amarya ta yi motsi.

"Matata. Na rubuta ne kawai don in ga yadda kalmar take a rubuce."

Tana cikin murmushi wata gwaggonta da ta zo daga nesa ta matso, ta kama hannunta, ta rage murya.

"'Yar nan, Allah Ya sa alheri. Amma ni fa har can na ji wata magana, ta wata tela. Yaya aka ƙare?"

Auta ta kife wayar a cinyarta.

"Babu komai tsakaninsu, Gwaggo. Famfon ruwan motarsa ne ya lalace, ƙofar shagonta kuma ita ce inuwa ta farko bayan hawan."